Ƙaryar da Na Karanta wa Maharazu

Sau uku ina rubuta wannan kashi ina gogewa, 'yan uwa masu bibiyata. Da yawanku sun dame ni da tambayar yadda aka yi na fara tsara labari, ni kuma kullum sai in ce baiwa ce daga Allah, in wuce. Baiwa ce, ban musa ba, amma ta wata ƙofa ta shigo mini wadda har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ku yi mini uzuri, shekaruna goma sha tara a lokacin.

Shekarar 2006 ce, muna Gummi, a unguwar bayan tasha. Mahaifina Malam Namadi dillalin hatsi ne, yana cin kasuwar Gummi da ta Bukkuyum, in kaka ta yi har Anka yakan leƙa. Bai taɓa zama ajin boko ba, kuma a duk gidanmu ni kaɗai na kai ƙarshen sakandare. Saboda haka Baba ya ɗauke ni ya ɗora a kan wani tudu da ban isa ba. In aka kawo takardar asibiti, Fiddausi. In wasiƙa ce, Fiddausi. A majalisarsu kuwa ba shi da zance sai na ɗiyarsa mai jin Turanci kamar ta sha shi a nono, wadda za ta tafi kwalejin horon malamai da zarar sakamako ya fito.

Sakamako kuwa ya fito tun da daɗewa. Na ci Hausa, na ci addini, na lallaɓa na tsallake sauran, amma Turanci F9 na kwaso, wato faɗuwar da babu ta ƙasa da ita. Na ce wa Baba ba a saki namu ba tukuna. Duk ranar Juma'a sai ya tambaya, duk ranar Juma'a sai in ce har yanzu shiru.

A cikin wannan hali Maharazu ya fara zuwa wurina zance. Dogo ne, baƙi, mai ɗan wushirya, yana da shagon gem, wato wasan bidiyo, kusa da tasha: talabijin uku, na'ura uku, da wani janareta mai tari kamar tsohon da ya sha taba. Firamare ya bari a aji huɗu, amma Hausa yana karanta ta tsaf, kuma babu wayar wuta da za ta gagare shi. Baba bai so shi ba da farko. Cewa ya yi namijin da sana'arsa tara yara su danna roba ba namijin da za a ba 'yar boko ba ne. Inna ce ta yi ta tausarsa, ta ce yaron ba ya wasa da salla kuma an san gidansu.

A cikin faifan da ke shagonsa akwai wani wasa da ya ɗauke hankalin samarin garin. Ba wanda ya iya faɗin sunansa na Turanci daidai, sai suka sa masa Mai Tabo, saboda jarumin yana da wani tabo daga goshi har haɓa. Mutum zai riƙe shi ya ratsa garuruwa na dutse, da dazuzzuka, da wata doguwar gada, yana faɗa da dodanni. Tsakanin faɗa da faɗa mutanen cikin wasan sukan tsaya su yi dogon zance da Turanci, samari su danna su wuce don su dai sara suke so. Maharazu kaɗai ba ya dannawa. Ya ce mini yakan zauna ya kalli bakunansu, yana so ya san wa ya ƙone garin Mai Tabo, da abin da ya sa wata mace mai baka da kibiya take kuka duk lokacin da aka iso gadar nan.

Wata Juma'a bayan la'asar ya zo da shadda ruwan toka, guga ta ɗan ƙone masa bakin aljihu, yana riƙe da baƙar leda kamar mai ɗauke da ƙwai. Ni kuma na fito da atamfata kore mai zanen ganye, da gyale ruwan madara, lallen sunan da muka je bai gama fita daga hannuna ba. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure na ajiye ruwa. Ko ruwan bai kalla ba ya zaro wani littafi mai kaurin bulo, gefensa duk ya yi ja don tsufa. A bangon ga Mai Tabo nan tsaye da takobinsa. Ya ce a Sakkwato ya tsince shi wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, mai sayarwar ya gaya masa labarin duniyar wasan ne gaba ɗaya aka rubuta, tun daga asalinta.

"Shekara biyu ina son in san mi sunka ce," in ji shi. "Ga shi Allah Ya kawo littafin, Ya kuma kawo mani mai karanta shi."

Na karɓa na buɗe. Jama'a, rubutu ne ƙanana kamar an watsa gero a tabarma. Na gane sarki, na gane takobi, na gane dare, sauran kuwa ko a ajinmu ban taɓa cin karo da su ba. Nan ne ya kamata in ce, Malam Maharazu, wannan ya fi ƙarfina. Kalma shida ce. Amma na ɗaga ido na ga yadda ya tattara hankalinsa duka ya zuba mini, har ya ɗan buɗe baki kamar yaro gaban mai tatsuniya, sai na ji bakina yana cewa, "Wai a wani gari da ke bakin gulbi, an yi wata mata mai sayar da fura, tana da ɗa guda ɗaya."

Daga nan ban san inda maganar ta riƙa fitowa ba. Na ba Mai Tabo uwa, na ba shi ƙanwa da aka sace tana goye, na sa sarkin garin ya ci amanar mahaifinsa a kan rijiya. Ina yi ina bin layi da yatsa, in na ga na daɗe sai in juya shafi. Har aka kira magariba bai motsa ba. Da zai tafi ya bar mini littafin, ya ce in riƙa dubawa kafin ya dawo don kada in wahala.

Na kuwa riƙa dubawa, amma taswirar da ke shafin farko nake dubawa, da 'yan hotunan da ke tsakiya. Ina daka ina tsara yadda za a tsallake dutse, ina wanke-wanke ina kashe sarakuna. Na kwashi labaran da kakata ta Gwashi take ba mu na makiyaya da ɓarayin shanu, na canza musu riga na tura su cikin duniyar Mai Tabo. Abin da Maharazu ya gaya mini ya gani a wasan, shi nake ɗauka in yi masa dalili. Macen gadar nan na ce ai ita ce ƙanwar da aka sace, ta gane yayanta amma an yi mata asirin da in ta faɗa zai mutu, shi ya sa take kuka. Ranar da na faɗi wannan, Maharazu ya juya fuska wajen bango ya daɗe yana gyaran hula.

Ya saya mini 'yar ƙaramar waya mai tocila, kuma saƙonninsa ba su wuce abu ɗaya. "Fiddausi don Allah ya tsallake gulbin ko ko? Na kasa cin tuwo." In mayar masa, "Sai Juma'a." Ya sake turowa, "Ke ba ki da tausai." In rungume wayar in yi ta dariya ni kaɗai a ɗaki. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi nake ji. Ban taɓa samun wanda ya saurare ni haka ba, kuma na fara son sa sosai, irin son da ke sa mutum ya ƙara zurma cikin rami don kada a ga ƙafarsa da laka.

Abin bai tsaya a zaurenmu ba. Duk abin da na faɗa ranar Juma'a, Asabar Maharazu zai maimaita shi a shago. 'Yan kabu-kabu suka riƙa ajiye babura suna shiga saurare, masu wasa suka daina danna zancen suna wucewa, kowa yana nuna macen gada yana cewa Allah sarki ƙanwarsa. Har Baba ya sauko. Wata rana ya dawo daga kasuwa ya tarar ina karatu, ya tsaya a bakin zaure da buhu a kafaɗa, daga baya ya jawo turmi ya zauna. Ya ji yadda Mai Tabo ya binne uwarsa, ya girgiza kai ya ce ashe Turawa ma sun san darajar uwa. Daren nan ya ce wa Inna yaron nan yana da hankali, tunda ya san girman ilimi, a gaya masa ya turo magabatansa bayan sallar layya.

Wata huɗu muna haka. Sai ranar nan Maharazu ya zo da wani littafin rubutu mai bango ja, ya miƙo mini yana murmushi. Ashe duk abin da nake faɗa yana komawa ya rubuta da hannunsa, shafi ya fi ɗari. A bangon ya rubuta da manyan baƙaƙe: Labarin Mai Tabo, fassarar Malama Fiddausi Namadi. Ya ce in mun gama zai kai Gusau a buga, don Hausawa su san abin da suke wasa da shi. Na ce masa ai da sauran gyara, kada ya yi gaggawa. Abin da na iya faɗa ke nan. Ya roƙi aron littafin Turancin na kwana biyu, zai je ɗaurin auren abokinsa a Anka yana so ya nuna wa mutane, na ɗauko na ba shi da hannuna.

Ranar Lahadi da hantsi ina tsinke zogale a tsakar gida wayata ta yi ƙara. Saƙo ne gajere, babu sallama, babu sunana. "Layin farko na shafin farko, mi yac ce?" Na karanta ya fi sau goma. Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge, a ƙarshe na tura wayar ƙarƙashin faifai. Bai sake turo komai ba, bai kira ba, Litinin ta wuce, Talata ta wuce.

Ranar Laraba Dija ta zo, 'yar kawuna ce da ke aure a Anka, mace mai baki kamar rediyo. Ta zauna kan tabarmar Inna tana cin gyaɗa tana ba da labarin biki, sai ta ce ai wani abin dariya ya faru a majalisar angwaye, mijinta ya ba ta labari. Wai wani ɗan Gummi ya tara mutane yana ba su labarin wani littafin Turanci, kowa ya yi tsit, sai wani malamin Turanci na sakandare, Malam Usama, ya ce a ba shi littafin ya gani don ya taɓa karanta irinsu a jami'a. Ya duba farko, ya duba tsakiya, ya ce bawan Allah wa ya fassara maka wannan? Babu mai fura a ciki, babu gulbi, mai tabon ma ba shi da uwa a labarin, daga cikin dutse aka sassaƙo shi. Macen gada kuwa matar maƙiyinsa ce, kukan mijinta take yi da ya kashe.

Dija ta ce ɗan Gummin ya tashi tsaye ya ce ƙarya ne, wadda ta karanta masa ta gama sakandare kuma ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Ya rantse da Allah a gaban mutum ya fi talatin. Malamin bai yi fushi ba, ya zaunar da shi ya riƙa karanta layi yana fassarawa, layi yana fassarawa, har shafi uku. Wani ya ce a kira wani ɗan bautar ƙasa da ke kusa ya raba gardama, aka kira shi, ya faɗi abin da malamin ya faɗa. Aka yi ta dariya, har aka sa masa suna Ɗan Mai Fura. Ko walima bai tsaya ci ba ya hau mota.

Tana kaiwa nan tana share hawayen dariya, sai ta lura ita kaɗai ke yi. Inna ta bar tankaɗen da take yi tana kallona. Sai da Dija ta shiga ɗaki salla, sannan ta matso ta ce a hankali, "Ke Fiddausi, ɗan mutane kinka mayar abin dariya?" Na sunkuyar da kai. Ta ce ita ba ta san boko ba, amma ta daɗe tana mamakin Baturen da ya san kakata ta Gwashi har ya saka ɓarayin shanunta a littafi. Ta ce ba za ta gaya wa Baba ba, don ba ita ta ɗaura wannan kaya ba, ba kuma ita za ta sauke ba.

Na ɗauka Maharazu ya tafi ke nan. Amma ranar Juma'a bayan la'asar sai ga sallamarsa a zaure, daidai lokacin da ya saba. Ban yi kwalliya ba, hijabin Inna na zura na fita. Ya rame a kwana biyar. Ya amsa gaisuwata, ya zaro littafin Turancin ya buɗe shafin farko ya ajiye a gabana, ya ce in karanta masa da Turancin, yadda yake a rubuce. Na fara. Kalma ta huɗu na tsaya, na haɗa baƙaƙen na furta wani abu da ni ma na san ba shi ba ne. Na yi layi biyu kamar mai tafiya a kan ƙaya. Ya ce to mi ke nan da Hausa. Na ce ban sani ba.

"Tun ranar farko?"

"Tun ranar farko."

Ya rufe littafin. Ya ce dariyar ba ta dame shi ba kamar yadda nake zato, an saba yi wa mai shagon gem dariya. Abin da ya hana shi barci rantsuwar ce. Ya je ya tambayi malaminsu, aka ce masa babu kaffara a kansa tunda ya rantse ne a kan abin da ya yi imani gaskiya ne. "Nawa hukuncin anka hwaɗa mani," in ji shi. "Ban tambayi naki ba."

A nan na fashe da kuka na gaya masa komai, har da F9, har da Juma'o'in da nake ce wa Baba har yanzu shiru. Na ce na ji tsoron in ya san ban iya ba zai ga ba ni da wani abin da ya fi sauran 'yan mata. Sannan ya ce har da jan littafin ya tafi Anka, Malam Usama ya riƙe shi ya karanta, ya aiko masa da shi washegari da saƙon cewa duk wanda ya tsara wannan ya iya ƙarya ƙwarai, a gaya masa ya daina laƙa wa Bature. Ban san ko yabo ne ko zagi ba, Maharazu ma bai ce ga wanda yake nufi ba. Ya ce shi kansa ya zauna ya kunna wasan ya iso gadar, ya kalli matar, ya san yanzu matar maƙiyi ce, amma zuciyarsa ta ƙi, ƙanwar take gani. Ya ce wannan ya fi komai ba shi haushi.

Da ya miƙe zai tafi ya ce bai fasa ba, amma ba zai turo magabatansa gidan da uba yake alfahari da abin da babu shi ba, alhali shi ya sani ya yi shiru. Ba zai faɗa wa Baba ba. Ni zan faɗa, da bakina, kuma ranar da na faɗa in turo masa saƙo. Ya bar littafin Turancin a kan tabarma, ya tafi da jan.

Kwana biyu ina kewaya Baba kamar kaza da wuta. Ranar Lahadi da safe ya zauna a gindin darbejiyar tsakar gida yana shan kunu kafin ya fita, Inna tana shara. Na shiga ɗaki na ɗaga jaridar da ke shimfiɗe a ƙasan akwatina, na ɗauko takardar sakamakon, ta yi laushi don ninki. Na durƙusa a gabansa na miƙa masa.

Ya ajiye ludayi ya goge hannu a riga kafin ya karɓa. Ya ga tambari, ya ga hotona, fuskarsa ta washe. Ya ce alhamdu lillahi, ashe sun saki, ya kira Inna ta zo ta ji. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya miƙo mini, ya gyara zama.

"Karanta muna, ɗiyata."

'Yan uwa, babu mai karatun boko a gidan nan sai ni. Da na ce A ce, A ce har abada. Shaiɗan ya zo ya zauna a kafaɗata ya ce ki ƙara ƙarya guda ɗaya, ta ƙarshe. Na ga Inna ta dogara da tsintsiya ba ta ko ƙifta ido. Na fara daga ƙasa, na karanta addini, Baba ya ce madalla. Na karanta Hausa, ya ce madalla. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har babu sauran inda zan ɓuya.

"Turanci na faɗi, Baba. Faɗuwa ta ƙarshe. Kuma takardar ta fi wata bakwai a akwatina."

Bai yi tsawa ba, da ma ya yi. Ya karɓi takardar ya ninke ta a kan tsohon ninkinta, a hankali, ya ajiye kusa da kwanon kunun. Ya kalli Inna, ta kawar da kai. Sannan ya juyo gare ni, muryarsa ƙasa ƙasa kamar mai tambayar hanya a garin da bai sani ba.

"To abin nan da kike karanta ma yaron ga cikin zaure, wanda niz zauna bisa turmi ina saurare har na tai na ba mutane labari a kasuwa, shi kuma mine ne?"